Ranar da aka hana rediyo cewa ana ruwa

A ranar 15 ga Janairun 1942, makonni kaɗan bayan Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, ofishin tace labarai na ƙasar ya raba wa gidajen rediyo wata takardar ƙa'idoji. Abubuwa uku a cikinta za su ba mutumin yau dariya. An ce kada a faɗi halin da sama take ciki sai abin da hukumar yanayi ta yarda a faɗa. An ce a daina karɓar saƙon masu bugo waya suna neman a sa musu waƙa, wato irin shirin da muke kira zaɓi-sonka. An kuma ce a sa ido a kan duk shirin da ake yi da wani harshe da ba Turanci ba. Sai ga mai sharhin wasa zaune a fili, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, 'yan kallo sun watse, shi kuwa yana ta kame-kame, don ba shi da ikon gaya wa masu saurare cewa ruwa ne ya tsai da wasan.

Ingila ta riga su. Tun farkon yaƙin a Satumban 1939 aka daina karanta hasashen yanayi a rediyo, ba a dawo da shi ba sai a Mayun 1945. Jaridu ma sai bayan kwanaki suke samun izinin ba da labarin sanyin da kowa ya riga ya ji a jikinsa. A Janairun 1940 an yi ɗarin da har wani sashe na Kogin Thames ya daskare, amma mutumin da ke wani gari bai gani a jarida ba sai da labarin ya tsufa.

Da dalilinsu. A Turai da Arewacin Amurka hadari daga yamma yake tasowa ya nufi gabas. Abin da ya sauka yau a Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, gobe ko jibi yana kan Faransa da Jamus. Duk wanda ya ji halin da sama take ciki a yamma, ya san ko jiragensa za su iya tashi gobe, ya kuma san ko na abokin gaba za su zo. Waƙa kuwa, ɗan leƙen asiri na iya bugo waya ya ce a sa masa waƙa kaza da ƙarfe kaza, jirgin ƙarƙashin teku da ke laɓe a gaɓa ya ji, ya gane cewa ayarin jiragen kaya ya tashi.

Irin waɗannan labarai ana yawo da su ne a matsayin "ko ka san", a riƙe baki a wuce. Ni ina ganin akwai magana babba a ƙarƙashinsu. Gwamnatocin da ke tsakiyar yaƙi, masu ƙirga kowane harsashi, sun ɗauki ma'aunin iska da na ruwan sama a matsayin makami. Sun zuba dukiya, sun sai da rayuka don su same shi, sun kuma hana abokan gaba. Mu da tuwonmu na shekara ya rataya a kan damina ta wata huɗu, mun mai da labarin yanayi abin cike gurbi a ƙarshen labarai, lokacin da kowa ya miƙe neman takalminsa. Ra'ayina shi ne awon yanayi aikin tsaron ƙasa ne, ya kamata a ware masa kuɗi a kan haka, a saki sakamakonsa kyauta, a kuma faɗe shi da maganar da mai gona da mai kwale-kwale za su iya aiki da ita.

Dubi wahalar da Jamusawa suka sha. Su ne a gabas, don haka su ne makafi. Da yaƙi ya ɓarke, tashoshin awo na Ingila da Kanada da jiragen ruwan Atlantika suka koma aika bayanansu cikin zaurance. Jamus ta shiga tura jiragen ruwa na awon yanayi, tana kafa tashoshin ɓoye a Girinlan da tsibiran Svalbard da ke can kusa da ƙarshen duniya ta arewa. A Oktoban 1943 wani jirginsu na ƙarƙashin teku mai lamba U-537 ya lallaɓa har gaɓar Labrador, wadda yau take cikin Kanada, ya sauke tasha mai aiki da kanta. Ganguna goma ne na ƙarfe, kowace wajen kilo 100, galibinsu batura ne, da sandar eriya mai tsawon mita 10. An shirya ta ne ta riƙa aiko da zafi da nauyin iska da inda iskar ke kaɗawa duk bayan awa uku, na tsawon minti biyu. Suka rubuta sunan wata hukumar yanayi ta Kanada ta ƙarya a jikin gangunan, suka watsar da kwalayen sigarin Amurka a wurin, don wanda ya gani ya ɗauka nasu ne. Tashar ba ta daɗe tana aiki ba. Abin mamakin shi ne ba a tabbatar da ko ta wane ne ba sai a 1981, kusan shekara 38 tana zaune a wurin. Yau tana gidan tarihin yaƙi na Ottawa.

Sojojin Jamus na ƙarshe da suka miƙa wuya ma 'yan awon yanayi ne, mutum 11 a Svalbard. Jamus ta faɗi a watan Mayu, aka manta da su a cikin ƙanƙara, sai ranar 4 ga Satumban 1945 wani jirgin maharban dabbobin teku na Norwe ya je ya kwaso su.

Wannan ƙishirwa ta bayanin yanayi ita ce kuma ta tona wa Jamusawa asiri. Jiragensu na ƙarƙashin teku suna aika rahoton yanayi a ƙayyadadden lokaci, a gajarce, da tsari iri ɗaya kullum, ta na'urar ɓoye saƙo ta Enigma. Masu warware zaurance na Ingila a Bletchley Park sun san cewa saƙon yanayi ne, kuma su ma suna iya kimanta yanayin wurin, don haka suna da abin da za su gwada makullin da shi. A ranar 30 ga Oktoban 1942 wasu ma'aikatan ruwa na Ingila suka shiga cikin jirgin U-559 yana nutsewa a gabashin Bahar Rum, suka fito da littattafan sirri, har da na gajarta rahoton yanayi. Biyu daga cikinsu sun nutse da jirgin. A Disambar wannan shekara aka koma karanta saƙonnin jiragen Jamus, bayan wata goma ana lalube a duhu.

Labarin da ya fi shahara shi ne na saukar sojojin ƙawancen Amurka da Ingila a Nomandi, gaɓar arewacin Faransa da Jamus ta mamaye. An tsai da 5 ga Yunin 1944. Ana bukatar abubuwa da yawa su haɗu: teku ta janye da asuba don a ga tarkunan da Jamusawa suka dasa a gaɓa, wata ya haska wa masu sauka da lema, iska kada ta yi ƙarfin da za ta kifar da ƙananan jirage, gajimare kuma kada ya rufe wa masu ruwan bama-bamai ido. Kwana uku kacal ne a farkon watan suka dace ta fuskar teku da wata. Mai ba babban kwamandan ƙawancen, Janar Eisenhower, shawara kan yanayi, James Stagg, yana haɗa ra'ayin rukuni uku na masana da ba sa shan inuwa ɗaya, na hukumar yanayi ta Ingila, na sojan ruwa, da na Amurkawa. Da ƙarfe ɗaya na daren 3 ga Yuni, a wani ƙauyen bakin teku mai suna Blacksod a yammacin Ailan, wata ma'aikaciyar gidan waya, Maureen Flavin, wadda ta cika shekara 21 a ranar, ta duba ma'aunin nauyin iska ta ga yana sauka da sauri. Ta rubuta, aka aika. Daga baya aka bugo waya daga Ingila ana cewa a sake dubawa a maimaita. Aka duba, haka yake. Aka ɗage saukar da kwana ɗaya. Da awon da ya biyo baya ya nuna za a sami ɗan sarari, aka yanke 6 ga Yuni, sojoji kusan 156,000 suka sauka. Masanan Jamus, da ba su da ido a Atlantika, ba su hango sararin ba, har kwamandansu mai tsaron gaɓar, Rommel, ya tafi gida bikin ranar haihuwar matarsa. Da an jira zagaye na gaba na janyewar teku, da an faɗa cikin guguwar 19 ga Yuni, wadda ta farfasa ɗaya daga tashoshin jiragen ruwa na wucin gadi da aka kafa.

Masu ba da labarin kan ƙara masa gishiri, su ce yarinya ɗaya ce ta ci yaƙin. A'a. Awonta ɗaya ne cikin ɗaruruwa da suka zo daga tashoshi da jiragen ruwa da na sama. Darajarsa ita ce wurin da aka yi shi, can ƙarshen yamma inda hadari ke fara taɓa ƙasa, da kuma cewa an yi shi a kan lokaci, tsakar dare, ba tare da mai yin ta san abin da ya rataya a kansa ba. Sai bayan shekara fiye da goma ta sani.

Ɓoyon kuma ya ci rayuka, kada a manta. A ranar 27 ga Yulin 1943 mahaukaciyar guguwa ta afka wa Galveston da Houston a jihar Texas. Jiragen ruwan da suka saba ba da rahoto daga teku an hana su amfani da rediyo saboda tsoron Jamusawa, gargaɗin da aka bayar ya zo a makare kuma ya raina ƙarfin guguwar. Mutum 19 suka mutu. A ƙarshen wannan shekara aka sassauta dokar hana faɗin yanayi. Wanda zai kawo hujjar tsaro yau don a riƙe bayanin yanayi a ofis, ya tuna cewa ko a tsakiyar yaƙin duniya ba a iya jure ɓoyon har ƙarshe ba.

Ƙasar Hausa ba a gefe take ba a wannan tarihi. Daga Satumban 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, a ratsa Chadi, a bi ta Janaina da Fashir da Khartum har Masar. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, wajen kwana shida, kuma jirage sama da 5,000 sun bi ta kafin ƙarshen 1943. Abokin gaba a wannan hanya hazo ne da hadari. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, tana iya rufe gari har mutum ya kasa ganin abin da ke kilomita ɗaya gabansa, tana kuma cin injin jirgi. Matuƙin ƙaramin jirgi da ya tashi daga Kano ba shi da man da zai yi ta shawagi yana neman filin Maiduguri, dole a gaya masa halin da ake ciki kafin ya tashi. To a nan ne gizo yake saƙa: tun wancan zamani awon yanayi a ƙasashenmu ya fi karkata ga jirgin sama, har yau kuma tashoshin da suka fi samun kulawa na filayen jirgi ne. Kamfanin jirgi yana biyan kuɗi. Manomin gero ba ya biya.

Namu hadarin daga gabas yake tasowa, wannan ko yaro ya sani. Manyan hadarurrukan damina a Sahel sukan jeru kamar sahu su nufi yamma, da gudun da ya kai wajen kilomita 50 a awa. Tsakanin Maiduguri da Kano a miƙe kusan kilomita 500 ne, wato idan hadarin ya riƙe ƙarfinsa, awa goma kenan na shiri. Blacksod ɗin Kano tana Borno da Yobe da Njamena, ta Sakkwato tana Katsina da Zinder da Maraɗi. Wuraren da rashin tsaro ya fi hana ma'aikaci zama su ne wuraren da sauran ƙasa ta fi bukatar awonsu. Ba mu kaɗai ba ma: galibin manyan guguwoyin da ke rusa gidaje a Karebiyan da Amurka daga waɗannan hadarurruka na sararinmu suke samo asali bayan sun faɗa Atlantika.

Aikin kansa ba wani tsafi ba ne. Ma'aunin ruwan sama irin na Ingila mazurari ne mai faɗin baki milimita 127, a kan kwalba, bakinsa santimita 30 daga ƙasa. Ana kafa shi a fili, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a kuma tabbata bakin ya daidaita bai karkace ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya ake juye ruwan a gilashin awo a rubuta. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Wanda ba shi da na hukuma, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi ya isa, a tsoma rula, zurfin ruwan shi ne awon. Bokiti ba ya yi, don bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai ba da adadin da ya wuce gaskiya. Ma'aunin zafi ana sa shi ne a cikin farin akwati mai tagogin iska, tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, ba a rana ba, ba a jikin bango ba. Na iska kuma a mita 10. Manyan tashoshi na duniya duka suna karatu a lokaci guda, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare, 7 na safe, 1 na rana da 7 na yamma agogon Najeriya da Nijar, don a iya ɗora su a taswira ɗaya.

Inda abin ke lalacewa kuwa ƙanana ne. Mai awo ya yi tafiya ranar kasuwa, ya dawo ya rubuta ruwan kwana uku a rana ɗaya, sai littafi ya nuna ruwan ambaliya inda aka yi yayyafi sau uku. Ko ya bar layi babu komai ranar da ba a yi ruwa ba, maimakon ya rubuta sifili. Bayan shekara ashirin ba wanda zai iya bambanta ranar da ba a yi ruwa ba da ranar da ba a auna ba, kuma wannan bambanci shi ne dukan ilimin fari. Tashoshi masu aiki da kansu, da ake yawan ƙaddamarwa da biki, nasu ciwon daban ne. A cikinsu akwai ɗan cokali mai baki biyu da ke kifewa duk lokacin da milimita 0.2 ta taru. Ganye ɗaya, ko gidan zanzaro, ko laka daga ƙurar hunturu, ya isa ya toshe mazurarin, na'urar ta ci gaba da aiko sifili ana tafka ruwa. Ƙura ta rufe farantin sola, batir ya mutu. Kuɗin layin waya ya ƙare ba wanda aka ɗora wa biya. Wani ya kwance farantin ya kai gida. Sayen tasha ana samun mai bayarwa, amma kuɗin man babur da za a je a goge ta duk wata shi ne ba ya shiga kasafi.

Za a ce zamani ya wuce nan, ga tauraron ɗan'adam, ga manhajar waya da ke nuna hoton gajimare. Tauraron da ke kallon Afirka dare da rana ba ya ganin ɗigon ruwa yana taɓa ƙasa, sanyin saman gajimare yake aunawa a kimanta ruwan daga nan. Kimantawar kuma sai an gyara ta da awon ƙasa, in babu shi tana iya zarcewa ko ta gaza. Abin da ke cikin waya kuwa lissafin kwamfuta ne da ya raba duniya gida-gida, kowane gida kilomita tara ko fiye, alhali a damina ana iya yin ruwa a wannan unguwa waccan ƙura na tashi. Masana sun yarda cewa hasashen ruwan gobe a yankinmu yana cikin mafi rauni a duniya, kuma ƙarancin awo na cikin dalilan. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Balan-balan ɗin awo da ake saki sau biyu a rana, ya hau wajen kilomita 30 yana aiko da zafi da laima da iska, shi ne abincin waɗannan kwamfutoci, kuma a sararin Afirka ne ya fi ƙaranci.

Ko an auna, sai an faɗa. A nan labarin 'yan ƙabilar Nabaho na Amurka yake shigowa. A 1942, ana yaƙi da Japan, sojojin Amurka suka ɗauki samari 29 daga cikinsu suka ƙirƙiri zaurance a kan harshensu: tankar yaƙi ta zama kunkuru, jirgin ƙarƙashin teku ya zama kifin ƙarfe. Kusan mutum 400 suka yi aikin, Japanawa ba su taɓa warware shi ba, kuma saƙon da na'ura ke ɗaukar lokaci tana juyawa su cikin daƙiƙoƙi suke isar da shi. Da yawansu a makarantun kwana na gwamnati an hukunta su suna yara don sun yi magana da wannan harshe. Ba a ma bayyana aikin nasu ba sai a 1968. Hukuma ba ta ga amfanin harshen ba sai ranar da wuya ta yi wuya. Turawan mulki a nan sun fi su saurin ganewa: Hausa ce harshen bariki a rundunar Afirka ta Yamma, hafsoshinsu har jarrabawarta suke yi, da ita kuma dubban sojojin da aka kai Burma suke magana a tsakaninsu. Soja da saje da kofur da samanja duk daga can muka gada. Mai son a bi umarninsa da harshen mai bi yake bayarwa.

Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ta fara fassara taƙaitawarsa zuwa Hausa da wasu harsuna. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan farin da ya ci Sahel, tana irin wannan ga yankin. Abin yabo ne. Amma fassara kalma da kalma ba ita ce isar da saƙo ba. A ce "ruwa zai zarce yadda aka saba" ana nufin jimillar damina idan an gwada da matsakaicin shekara 30, ba ana nufin gonarka za ta sha ruwa a kan kari ba. A ce "yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100" ana nufin a ranaku goma masu irin wannan alama, bakwai ana ruwa, uku ba a yi. Idan ba a bayyana haka ba, ranar da ya faɗa cikin ukun sai a ce ƙarya suke yi, a daina saurare. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba. Tana da yayyafi da marka, tana da ruwan bazara da ruwan shuka, ta san hadarin ƙura da ba ya zubar da komai, ta san binne.

Abin da manomi ke son ji takamaimai ne. Masu binciken noma a Sahel suna da ma'auni: damina ta kama ne idan an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da suka biyo baya ruwa bai ɗauke fiye da kwana bakwai ba. Wanda ya yi shuka a ruwan farko da bai cika wannan ba, iri zai tsiro ya ƙone, ya sake sayen wani da tsada. Wanda ya watsa yuriya ana gobe mamakon ruwa ya wanke kuɗinsa zuwa rafi, wanda ya watsa a busasshiyar ƙasa mai zafi kuma iska ta sha. Maganin ciyawa yana son awoyi ba ruwa bayan feshi. Gyaɗa da masara da ruwan ƙarshe ya doka a shanya suna yin hunhuna mai guba. Duk waɗannan shawara ce ta kwana ɗaya zuwa bakwai, ba ta littafin da aka ƙaddamar a otal a watan Fabrairu ba.

Akwai masu ƙyamar abin don suna ganin shiga gaibu ne. Amsar a bakin ƙofa take. Matar da ta ga gabas ta yi baƙi ta kwashe shanya ba duba ta yi ba. Mai ma'auni ya dai hango gabas ɗin ne daga nesa fiye da ita, kuma ba abin da zai hana shi cewa in Allah ya yarda.

Saura kiɗa. A Janairun 1941 wani ɗan Beljiyam mai aiki a BBC, Victor de Laveleye, ya nemi mutanen ƙasarsa, da Jamus ta mamaye, su riƙa rubuta harafin V a bango, don shi ne farkon kalmar nasara a Faransanci da ta 'yanci a harshen Filemish. Sai aka lura cewa a bugun wayar tangaraho V gajere uku ne da dogo ɗaya, daidai da yadda shahararren kiɗan nan na biyar na Beethoven, wanda shi kansa Bajamushe ne, yake farawa. BBC ta mai da bugun nan huɗu alamar buɗe shirye-shiryenta na Turai, kuma makaɗin da ya buga, James Blades, da gangar Afirka ya yi shi. Mutum na iya ƙwanƙwasa shi a ƙofa, direban jirgin ƙasa ya busa shi, malami ya tafa shi. Ba ya bukatar karatu ko fassara. Mutanen da suka san tambari da kuge da kalangu ba sai an koya musu wannan ba. Me zai hana gidajen rediyon jiha su amince da sauti guda, wanda ba a sa shi a talla ko siyasa, da zarar an ji shi an san gargaɗin ruwa ko iska ne ke tafe?

Sai dai jin saƙo daban, aiki da shi daban. A ranar 1 da 5 ga Yunin 1944 BBC ta karanta wasu baitoci na wani mawaƙin Faransa a matsayin ishara ga 'yan gwagwarmayar Faransa cewa saukar Nomandi ta matso. Jami'an leƙen asirin Jamus sun san ma'anar baitocin, sun kuma ji su. Rundunarsu ta 15 ta shiga shirin ko-ta-kwana, amma ta 7, wadda Nomandi ke hannunta, ba a tashe ta a kan lokaci ba. Saƙon ya isa ofis ya kwanta. Ambaliyar 2022 a Najeriya, da ta kashe mutum fiye da 600, ba ta zo babu hasashe ba. Ruwan da ya shiga Maiduguri a Satumban 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ya sami mutane. Sanarwar da aka aika wa gwamna a watan Afrilu cewa ƙananan hukumomi kaza na cikin haɗari ba ta gaya wa mai unguwa ranar da zai buga ƙofofi, ko makarantar da za a kwana a cikinta, ko wanda ke riƙe da makullinta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da kowa a duniya zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗi. Ba na jin za a kai ga haka ta hanyar taro. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin roba a kowace firamare da ofishin malamin gona, da ɗan alawus da ke zuwa a kan lokaci ga mai karantawa, da lambar waya guda da zai aika adadin kafin ƙarfe takwas, da dokar cewa adadin na kowa ne, ɗalibi da ɗan jarida da kamfanin inshorar noma su ɗauka ba sai sun rubuta takardar roƙo ba. A ci gaba da cajin kamfanonin jirage, su suna da shi. Daga nan sai a ji bugun nan a rediyo da la'asar, murya ta biyo baya: hadari mai iska ya wuce Potiskum da ƙarfe uku, ana sa ran zai iso Dutse da Kano tsakanin isha'i da ƙarfe goma in Allah ya yarda, a kwashe shanya, a dakata da zuba taki, masu fito su ɗaure kwale-kwale, kada kowa ya fake a gindin bishiya.